Baballe Mai Jiran Inji Ya Huce

Tun kafin hantsi ya ɗaga Malam Baballe yake buɗe rumfarsa da ke bakin hanyar Makurdi, a nan Lafia. Sai ya share ƙasa tukuna, sannan ya shimfiɗa wani tsohon buhu ya jera sifanoni a kai, daga ƙarama zuwa babba, kowace a mazauninta. Da can don tsari yake yin haka. Yanzu kuwa don hannu ya same su ne ba tare da taimakon ido ba. Daga nan ya zaga baya ya ƙwanƙwasa durom biyu da yake tara ruwan sama a cikinsu tun damina, ya ji inda ruwan ya tsaya, ya dawo ya zauna a benci. Ruƙayyatu mai kunu, wadda rumfarta ke jingine da tasa, ta miƙo masa kofi, su gaisa, ta tambayi jikin idon. Kullum amsarsa ɗaya ce, da sauƙi. Ita ma ta san ba haka ba ne.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan wuri. Da babura ya fara, da keke mai ƙafa uku ya shigo gari sai ya koma kansa, musamman irin na ɗaukar kaya, wanda manoma ke loda wa doya da rogo daga ƙauyuka. A ƙarshen wannan wata zai rufe rumfar. Likita ya gaya masa jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma babu aikin da zai dawo da abin da ya tafi. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma inuwa-inuwa yake gani. Ba wanda zai shirya masa taro, ba kuma wanda zai ba shi lambar yabo. Shi ya sa ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana iya saurare.

Direbobin Lafia sun san shi da ɗabi'a guda wadda ta sha ɓata musu rai. Ba ya taɓa inji mai zafi. Ko da gudu ka zo, ko da kuka, abin da za ka fara ji shi ne ka tura keken inuwa ka nemi wuri ka zauna. Sai injin ya huce har mutum zai iya ɗora tafin hannu a kansa ya bar shi, sannan zai tashi. A wurinsa zafi alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma wanda ya yi saurin buɗe inji bai nemi abin da ya kawo zafin ba ya ɓata aikinsa tun bai fara ba.

In ya tashi, bi da bi yake tafiya, ba ya tsallake ko ɗaya. Zai zaro sandar auna baƙin mai ya murza abin da ke jikinta a yatsa. In man ya koma kalar shayi mai madara, to ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Zai buɗe murfin lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ya sa a tayar da keken, ya kara kunne ya ji ko ruwan na tasowa da kumfa. Zai tsuguna a bakin salansa ya shaƙi hayaƙin. Zai kwance filogi ya shafa bakinsa, domin filogin da ya yi fes kamar an wanke shi yakan nuna ruwa na sauka a kansa. Sai duk waɗannan sun haɗu sannan zai yarda cewa gaskit ya ƙone, wato siririn faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda ke hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. Ko a nan ma ba ya tsayawa, sai ya gano abin da ya ƙona shi.

Wani direba mai suna Kelvin har yau yana ba da labarin ranar da ya zo yana rantsuwa cewa gaskit ɗinsa ya tafi, a buɗe inji kawai, kada a ɓata masa lokaci. Baballe ya miƙa masa sifana.

"To bismilla. Kai ka buɗe, ni ka ba ni makulli in je in yi maka lodi."

Kelvin ya zauna dole. Da injin ya huce aka duba, mai lafiya lau, ruwa babu kumfa, hayaƙi babu wari. Baballe ya zura hannu bayan lagireto ya laluba, sai ga wayar fanka a gutsure, ɓera ya ci ta. Ya haɗa ta cikin minti biyar, ya ce wa Kelvin ya je ya gode wa ɓeran gidansu, don da wani wurin ya kai keken da yanzu injinsa na zube a ƙasa.

Irin wannan labari suna da yawa, kuma ana dariya in ana ba da su. Akwai guda ɗaya da ba a dariya a kansa. Ruƙayyatu ta ga faruwarsa daga farko har ƙarshe.

A bazarar bara ne, lokacin da zafin rana ke narkar da kwalta. Tertsea da matarsa Member manoman doya ne daga wani ƙauye a yankin Keana. Tashin hankali ya kore su da sauran mutanen ƙauyen, suka fito da abin da ke jikinsu da yaransu da keken kayansu, suka fake a wurin dangi a Agyaragu. Abin da suka bari a baya shi ne rumbun irin doya. Wanda bai san noman doya ba zai ɗauka abinci ne kawai. Manomi ya san iri shi ne shekara mai zuwa da wadda ke bayanta. In ya salwanta, ko an ba ka gona babu abin da za ka binne a cikinta. Bayan makonni aka sanar cewa jami'an tsaro za su raka mutanen ƙauyen na kwana uku su kwaso kayansu, daga safe zuwa la'asar. Bayan kwana ukun nan kowa ya san ba mai sake taka hanyar.

Ranar farko Tertsea ya yi sawu ɗaya, a na biyu keken ya fara tafasa. Ba wannan ne karon farko ba. Sau biyu a cikin wata huɗu wani makanikin bakin hanya ya canza masa gaskit, kowane karo cikin awa biyu, keken ya tashi, ya yi 'yan makonni ya sake. Wannan karon makanikin ma ya gudu da iyalinsa. Motar haya kuwa babu ita, duk abin da ke da taya a yankin yana kwasar kayan masu shi. Sai Tertsea ya lallaɓo zuwa Lafia, yana tafiya yana tsayawa, matarsa na zaune a bayan keken da jarka.

Da azahar suka iso, tururi na tashi daga ƙarƙashin kujera. Tertsea na sauka ya fasa ledar ruwan sanyi da haƙori ya fara tsiyaya wa kan injin. Baballe bai gani ba, ƙarar ya ji, irin ta ruwa a kaskon suya. Ruƙayyatu ta ce ba ta taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba. Ya kama wuyan hannun Tertsea ya riƙe, ya tambaye shi sau nawa ya yi haka yau. Tertsea ya ce bai ƙirga ba, ai kowa haka yake yi. Baballe ya saki hannun, ya ce a tura keken inuwa.

Kusan awa biyu suka yi suna jira. Tertsea ya kasa zama, yana kai da kawowa yana duban rana. Member ce ta zauna a benci ta ba Baballe labarin ƙauyen, da rumbun, da kwana ukun. Ta faɗa a hankali, ba kuka, kamar mai ba da labarin wasu mutane daban. Baballe yana saurare, lokaci lokaci yana miƙa hannu ya taɓa injin ya janye.

Da ya huce, alamun duk suka fito. Mai ya zama shayi, ruwa na kumfa, filogi fes. Tertsea ya ce ai dama ya faɗa, a sa sabon gaskit ya kama hanya. Baballe ya sa aka sake tayar da injin na ɗan lokaci, ya bi jikin lagireto da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Sama ya ɗau ɗumi, tsakiya da ƙasa sanyi ƙalau, alamar ruwan ba ya zagayawa. Ya kashe, ya zura yatsa a bakin lagireton ya kankaro wani farin abu mai kama da alli, ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya tambayi Member da wane ruwa suke cika keken. Ta ce da na rijiyar gidansu. Ya tambaya ko ruwan na yin kumfa da sabulu. Ta ce da ƙyar, ruwan zartsi ne, duk rijiyoyin wajensu haka suke, ai ƙasar gishiri ce.

Nan ciwon yake. Shekara uku ruwan zartsi na tafasa a cikin siraran hanyoyin lagireto yana barin gishiri, har ya toshe su. Injin ya riƙa zafi, Tertsea ya riƙa kwara masa ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya yakan karkace. Da Baballe ya kwance kan injin ya ɗora ƙarfen awo a fuskarsa, ya tura reza a ƙarƙashi, sai ta shige ta tsakiya ba tare da ta taɓa komai ba. Kan ya lanƙwashe. Ko gaskit nawa aka sa, zai ƙone.

Ya yi musu bayani kamar yadda ake yi wa mai jinya. Sabon kan inji irin wannan babu shi a shagunan gari, sai an yi odarsa daga kudu. Masu injin goge ƙarfe ba su da wuta, sun ce sai jibi. Abin da ya rage shi ne a goge fuskar da hannu har ta daidaita, a jiƙa lagireto ya saki gishirinsa. Wannan aikin yini guda ne cur. Ma'ana rana ta biyu ta tafi.

Tertsea ya ce bai yarda ba. Ya ce sau biyu an yi masa na awa biyu kuma ya yi makonni, shi kwana biyu kawai yake nema. Maganarsa ba ta banza ba ce, Baballe ma ya san haka. Yana tsugune da kan injin a cinyarsa yana auna abin a ransa. Mai yiwuwa sabon gaskit ya riƙe sawu biyu ko uku. Mai yiwuwa kuma ya fashe a sawun farko, da lodi, a tsakiyar daji, a ranar da masu rakiya ke juyawa da la'asar ba sa jiran kowa. Ya san yadda karkacewar take a yatsansa, ya san ta fi ta wata huɗu da suka wuce. Abin da bai sani ba shi ne sa'ar da za ta ba da kai. Ya ce ba zai ɗaura gaskit a kan wannan ƙarfe ba.

"Baba, kai kana zaune a inuwa," in ji Tertsea. "Ba naka ne ke cikin daji ba."

"Gaskiya ne, ɗana. Keke naka ne, ban riƙe shi ba. Ga masu gyara nan har tasha, wani zai ɗaura maka yanzu. Ni dai hannuna ba zai tura ka wannan hanya a kan abin da na san zai fashe ba."

Tertsea ya fara tattara kusoshi yana zubawa a leda. Member ba ta motsa daga bencin ba. Ta yi masa magana da harshensu, gajeriya, ba wanda ya ji ma'anarta a rumfar. Sannan ta juyo ga Baballe da Hausarta ta kasuwa.

"Baba, iri nan in ya tafi, mu ma mun tafi. Amma in mutum nan ya kwana a hanya, wa zai shuka? Ka yi aikinka."

Tertsea ya ajiye ledar ya fita. Bai dawo ba sai washegari da yamma.

Kai ne, Malam Baballe, ka ɗauko gilashin tebur mai kauri da kake ɓoyewa a bayan akwatin kaya, ka shimfiɗa samfefa, takardar goge ƙarfe, a kai, ka yayyafa ruwa, ka kifa kan injin ka fara murzawa. Ka fara bayan sallar asuba. Ba ka ganin fuskar ƙarfen, da yatsa kake karanta ta, ka murza, ka wanke, ka ɗora ƙarfen awo, ka tura reza, ta shige, ka koma. Ruƙayyatu ta ce da azahar fatar yatsunka ta fara tsagewa, ruwan da ke kan gilashin ya canza launi, ka naɗe su da tsumma ka ci gaba. Member ta zauna gefe tana matsa lemun tsami cikin lagireto tana girgizawa tana zubarwa kamar yadda ka nuna mata, farin ruwa na fita kamar an dama alli. Duk keken da ya zo ranar ka ce ya dawo gobe. Kuma duk tsawon yinin kana jin motocin masu kwasar kaya na wucewa ta kudu, kana sane da cewa kowace awa da ta wuce wani kaso ne na irin doyar mutanen nan.

Bayan la'asar reza ta ƙi shiga. Baballe ya ɗaura sabon gaskit, ya ɗaure kusoshin kan injin a gicciye, kaɗan kaɗan, yana zagayawa har sau uku. Ya zubar da gurɓataccen man ya sa sabo. Ya cika lagireto da ruwan sama daga durom ɗinsa, ya ƙara musu jarka biyu, ya ce ko ƙishirwa za ta kashe keken kada a ba shi ruwan rijiyar nan, kuma in ya yi zafi a tsaya a jira shi. Aka tayar, aka bar shi yana aiki rabin awa. Ya bi jikin lagireto da tafin hannunsa mai tsumma, ɗumi ɗaya daga sama har ƙasa. Tertsea ya karɓi makulli ya kama hanya.

A rana ta uku keken ya yi sawu uku cikin tsakiyar zafi, da lodin da ya fi ƙarfinsa, bai tafasa ba. Da suka juyo don na huɗu aka tare su a shingen hanya aka ce lokaci ya ƙare. Kusan kashi ɗaya cikin uku na irin ya rage a rumbu, har da wani iri da mahaifin Tertsea ya bar masa, wanda ya ajiye a can ƙurya don ya ɗauke shi a ƙarshe. Ba su sake ganinsa ba. Daga baya wani da ya ratsa ta wajen ya ce rumbun ma babu shi.

Da abin da suka tsira da shi suka shuka a wata gona da aka ara musu wajen Adogi. Ta yi kyau daidai gwargwado. Yaransu sun ci, sun kuma ware irin bana. Member takan biyo ta rumfar in ta shigo gari, ta durƙusa ta gaishe shi. Tertsea bai sake takowa ba. Yana faɗa wa duk mai saurare cewa tsohon nan ya cinye masa yini guda, da an yi masa yadda ya nema da ya kwashe komai. Ba wanda zai iya ƙaryata shi, domin hanyar da ba a bi ba ba a san abin da ke cikinta ba. Ruƙayyatu ta taɓa tambayar Baballe ko da zai sake, haka zai yi. Ya ce haka zai yi, amma kada ta ɗauka abin ba ya dawo masa a rai.

Duk ranar kasuwa keken nan na wucewa ta gaban rumfar da lodin doya, ba ya rage gudu. Baballe ya san muryarsa a cikin kekuna ɗari. Yakan ɗaga kai ya bi shi da kunne har ya ɓace, sannan ya ce wa Ruƙayyatu, ko ya ce wa kansa, lafiyarsa ƙalau.

Malam Baballe, likitan ƙarfe mai haƙurin jira, mun gode. Kai ne ka zaɓi mutum ya dawo gida yana jin haushinka, a kan ya tafi yana sa maka albarka a rasa inda ya kwana. Ka ɗauki laifin da ba ka da hanyar wanke kanka daga gare shi, ba ka kuma bi gari kana kare kanka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka wannan duhu da ke matsowa, ya ba ka masu riƙe hannunka kamar yadda ka riƙe na mutane.

Masu gyara da ke tasowa a garin nan, da malamai, da ma'aikatan jinya, da duk wanda ake kawo wa matsala a guje ana cewa ya yi sauri, ga abin koyi. A nemi tushen ciwo kafin a ɗaura magani, a kuma faɗa wa mai abu gaskiya ko da za a rasa gaisuwarsa.

Kai kuma Tertsea, ba wanda ya ce ka manta da abin da ka bari a rumbu, asara ce ta gaske kuma taka ce. Amma ranar kasuwa biyu ta rage kafin a sa wa rumfar nan kwaɗo. A ɗaya daga cikinsu ka taka birki.